Sauya ƙotar Remington 700: kayan ciki za su zauna a sabuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma ina fita farautar barewa da lasisi idan kakarta ta kama a watan Nuwamba. Bindigata Remington 700 ce samfurin ADL, mai cin harsashin .30-06, ƙotarta ta roba ce irin wadda kamfani ke sakowa. Na ga ƙotar katako ta hannu da araha, mai sayarwa ya rubuta "700 BDL" kawai. Idan na saya, kunama da gidan harsashi da notin da nake da su za su shiga, ko sai na nemi wasu? Ina kuma da niyyar sa kunamar kamfanin Timney nan gaba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A taƙaice, uwar bindigarka, wato jikin ƙarfen da bututu da kunama ke haɗe da shi, da bututunta za su zauna idan tsayin ƙotar ya dace, kunamar ma galibi za ta shiga, amma kayan ƙasa na ADL ba za su yi maka aiki a ƙotar BDL ba. Sai ka sayi wasu. Kuma wannan rubutu na mai sayarwa bai isa ka fitar da kuɗi ba tukuna, domin ya bar abu mafi muhimmanci bai faɗa ba.

Mutane da yawa na ɗaukar ƙotar bindiga kamar ƙotar fartanya, a zare wannan a zura waccan a koma gona. Ba haka take ba. Ƙota ita ce ke tsayar da tazarar da ke tsakanin uwar bindiga a sama da kayan da ke ƙasa, ita ce ke karɓar shurin harbi, kuma a cikin raminta kunama da makullinta mai hana ta tashi suke motsi. Saboda haka abin dubawa ba wai ko ƙarfen ya shiga ba ne. Sau da yawa zai shiga, noti ya ɗauru, komai ya yi kyau a ido. Abin dubawa shi ne: ina ƙarfe ya taɓa katako, kuma ya kamata ya taɓa a nan? Wurare kaɗan ne ake son su haɗu, wato ƙarƙashin uwa ta gaba, ƙarƙashin wutsiyarta ta baya, da bayan matokari, wato fallen ƙarfen da ke tokare shurin harbi. Kusan duk wani wurin da ya gogi katako ban da waɗannan, matsala ce, ko ta saiti ko ta lafiyarka.

Kafin komai, zare sakata gaba ɗaya, wato ƙarfen mai hannu da ke tura harsashi ciki ya kulle, ka leƙa ɗakin harsashi da idonka, ka zura yatsa, ka kwashe harsasan da ke ciki ka kai su wani ɗaki. ADL ba ta da murfin ƙasa, don haka harsashi kan maƙale a ciki mutum ya manta da shi.

Abin da mai sayarwa bai faɗa ba shi ne tsayi. Tun da aka fito da 700 a 1962, uwarta iri biyu ce, gajeriya da doguwa, masu sayarwa na rubuta su SA da LA. Gajeriya ta harsasai irin .308 da .243 da 6.5 Creedmoor ce, doguwa kuma ta .30-06 da .270 da 7mm Remington Magnum. Dalili a fili yake: harsashin .308 bai wuce inci 2.81 ba, na .30-06 kuwa ya kai 3.34. Taka doguwa ce. Ka ce wa mai ƙotar ya auna daga tsakiyar ramin notin gaba zuwa tsakiyar ramin notin baya, ya ɗauko maka hoto da ma'aunin a kai. Idan ya ce inci 7.35, wato kusan milimita 187, taka ce. Idan 6.5 ne, milimita 165, ka bar masa kayansa komai arharsa, babu gyaran da zai mai da ita doguwa. Ka kuma tambaye shi ta dama ce ko ta hagu, domin inda aka yanke wa hannun sakata wuri shi ke nuna hakan.

Sunan Remington kaɗai ma ba hujja ba ne. Samfurin 783 da 770 da 710 da Model Seven duk nasu ne, amma ba ɗaya da ƙotarsa ke karɓar 700. A gefe guda kuma Bergara B-14, wadda ake ƙerawa a Sifaniya, an yi ta ne a kan sawun 700, shi ya sa za ka ga ƙota ɗaya an rubuta sunayensu biyu. Masu Savage 110, bindigar wani kamfani daban, sun fi ku shan wahala a nan. Gajeriyar uwarsu ta taɓa zama da tazarar inci 4.275, daga baya aka mai da ita 4.40. Bambancin milimita 3 ne kacal, ido ba ya kama shi a hoto, amma noti ba zai shiga ba. Sai kuma batun maɓallin zare sakata, na wasu a gefen uwa ta sama, na wasu a gaban zoben kunama ta ƙasa. Kai dai ka tsira daga wannan.

Yanzu ga ainihin matsalarka. A ADL, gidan harsashi a rufe yake ta ƙasa, katakon ƙotar ko robarta ne gindinsa. Akwatin ƙarfe na zaune a cikin ramin, sifirin na tokare da ƙasan ramin, ɗan farantin da ke tura harsashi sama na kan sifirin. Zoben kunama ƙarami ne, shi kaɗai, noti biyu ke riƙe da shi: babban na baya da wani siriri a gabansa. Babban notin gaba kuwa ta cikin wani ɗan zoben ƙarfe da aka dasa a jikin ƙotar yake wucewa. Noti uku ke nan. A BDL an huda ƙotar har ƙasa, an yanke dogon gurbi da zai karɓi ƙarfe guda mai haɗe da zoben kunama da murfi mai buɗewa, manyan noti biyu kuma duk ta cikin wannan ƙarfen suke bi. Idan ka ɗora ADL ɗinka a ƙotar BDL ba tare da wannan ƙarfen ba, sifirin da faranti za su zubo ƙasa, notin gaba kuma ba shi da abin da kansa zai zauna a kai.

Abin da za ka nema shi ne cikakken saitin mai da ADL zuwa BDL na doguwar uwa. A ciki akwai ƙarfen ƙasa da murfinsa, akwati, sifirin, faranti, da noti biyu. Shawarata ka saye su a dunƙule, kada ka ce za ka tsira da akwatinka da sifirinka na da don rage kuɗi. Sifirin BDL ana zura ƙafarsa ne a cikin wasu 'yan leɓɓa da ke jikin murfi, shi ya sa ba ya faɗuwa idan an buɗe, akwatin kuma dole bakinsa na ƙasa ya faɗa cikin gurbin da aka yi masa a ƙarfen. Ka kuma faɗa wa mai sayarwa irin harsashinka, domin akwati da farantin magnum daban suke da na .30-06 duk da uwar ɗaya ce. Siririn notin tsakiya ba shi da aiki a BDL, ka ajiye shi tare da tsohuwar ƙotar. Kafin ka yi murnar arha, ka haɗa kuɗin saitin da na ƙotar ka gwada da farashin sabuwar ƙota da aka yanka wa ADL tun farko, wadda kayanka za su koma cikinta ba tare da ka sayi ko noti ba. Sau da yawa lissafin kan juye. Ni dai na fi son BDL a bindigar farauta saboda dalili guda: idan ka dawo mota, ka danna murfi harsasai su zubo a tafinka, ba sai ka bi da kowanne ta sakata ba.

Akwai wani gurbin da ake rikita shi da BDL, ana kiransa M5, daga ƙarfen ƙasa na kamfanin Badger Ordnance. Shi an yi shi ne don gidan harsashi mai cirewa irin wanda ake kira AICS, kuma yankansa ya fi na BDL faɗi. Ƙarfen BDL ba ya cika shi, ƙarfen M5 kuma ba ya shiga gurbin BDL sai an sassaƙe. Tunda ƙotar ta hannu ce, ka nemi hoton ƙasanta, domin wani kan saya a BDL ya kai a buɗa masa, sannan ya sayar da tsohon sunan.

To a ce tsayi ya dace, saiti ya iso. Daga nan ne aikin ido da haƙuri ke farawa, kuma da akwati za ka fara. Ka sa shi a bakin uwa, ka saukar da ƙarfen cikin ƙota, ka ɗora ƙarfen ƙasa, ka ɗaure noti da yatsu kawai. Buɗe murfi ka zura yatsa ka girgiza akwatin. Ya kamata ya ɗan yi wasa sama da ƙasa, ko da kaɗan ne. Idan ya kafe ƙam, to an matse shi tsakanin uwa da ƙarfen ƙasa, wato uwar ba a kan katako take zaune ba, a kan akwati take lilo. Kana ƙara ɗaure noti kana lanƙwasa ta. Alamarsa sakata ta yi nauyi, murfi ya ƙi rufuwa ko ya ƙi buɗewa, harsasai su warwatse a allon gwaji ka rasa dalili. Mafi yawan lokuta akwatin ne bai faɗa gurbinsa ba, ya hau kan leɓe, sai a kwance a sake zaunar da shi. Idan kuwa ƙotar ce siririya a wurin, sai a rage tsayin akwatin kaɗan daga ƙasa da zarto mai laushi. Akasin haka ma na faruwa: ƙota mai kauri ta sa akwati da faranti su yi ƙasa da yawa, sakata ta wuce ta kan harsashi ba ta ɗauke shi ba. Wannan ya fi wuyar gyara a gida.

Sai noti. Zarensu a 700 shi ne 1/4-28, kuma tsayinsu ba abin wasa ba ne, domin ramukan biyu duk a huje suke har cikin uwa. Na gaba yana ɓullowa ne daidai inda haƙorin sakata na ƙasa ke juyawa ya kulle. Idan ya yi tsayi da zare ɗaya ko biyu, sakata za ta ƙi rufuwa, ko ta rufu da ƙyar tana gurzar kansa. Na baya yana fitowa ta wutsiya, a hanyar da bayan sakata ke bi. Tunda kaurin kowace ƙota daban ne, notin da ya yi daidai a waccan na iya yin tsayi a wannan. Bayan ka ɗaure, ka zare sakata ka haska tocila cikin uwa, ka shafa da yatsa. Bai kamata kan noti ya taso ba. Idan ya taso, a rage shi da zarto a gyara bakin zaren. Gajarta ma laifi ce: notin da ya kama zare biyu ko uku kawai zai cinye zaren uwa ranar da ka ɗaure da ƙarfi, gyaran wannan kuwa sai maƙeri. Ka ƙirga juyi nawa yake yi daga kamawa zuwa tsayawa. Abu na uku, jikin noti kada ya taɓa bangon raminsa a ƙota. Idan ka fito da shi bayan harbi ka ga sawun zare a jikin katako, to noti ne ke shan shurin da ba nasa ba.

Mai shan shuri shi ne matokari, wannan fallen ƙarfe da aka matse tsakanin bututu da uwa, mai leƙowa ƙasa. Na kamfani kaurinsa kusan inci 0.187 ne, amma idan an taɓa sauya bututu, sau da yawa akan sa mai kaurin 0.25 ko fiye. Fuskarsa ta baya ita ake son ta kwanta sosai a jikin bangon raminta. Ƙasansa kuwa kada ya taɓa gindin ramin, in ba haka ba uwa za ta ɗage a kansa. A nan ƙotar hannu ke da tarko. Masu neman saiti kan zuba gam mai haɗi biyu a ƙarƙashin uwa da kewayen matokari, su dasa ƙarfen a ciki har ya bushe, ya ɗauki siffar wannan bindigar ita kaɗai. Idan ƙotar da ka gani an yi mata haka, siffar bindigar wani ce a ciki, ba taka ba. Matokarin 700 ba shi da ƙusar da ke tsayar da shi a daidai, don haka na wata kan ɗan karkace dama, na wata hagu. Ƙila ka yi sa'a, ƙila sai an kankare tsohon gam an zuba sabo. Ka nemi hoton cikin ramin.

Hanyar gano inda ake gogayya tsohuwa ce kuma ba ta cin kuɗi. Ka shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin fitila ko jan-baki, siriri, ka saukar da shi a tsaye ba tare da ka murza ba, ka ɗaure noti kaɗan, ka kwance ka ɗaga. Duk inda launi ya zauna a katako, nan suka haɗu. Inda bai kamata ba, ka kankare kaɗan, ka sake shafawa, ka sake gwadawa. Abin da ka cire daga katako ba ya dawowa, don haka da ƙaramin kurfi ko takardar yashi ake yi, ba da injin da ke gudu ba.

Wurin da na fi son ka daɗe a kai shi ne ramin kunama, domin sauran kurakuran saiti suke ɓatawa, wannan kuwa rai yake ɗauka. Kunamar 700 a rataye take a ƙarƙashin uwa da 'yan ƙusoshi biyu, kuma ba a son komai nata ya taɓa ƙota: ba gidanta ba, ba harshen da yatsa ke ja ba, ba sandar makulli da ke gefen dama ba. Wannan sandar ita ta fi kamuwa. Tana tafiya gaba da baya a wani siririn gurbi a gefen wutsiya, kuma idan katako ya tare ta, makulli kan tsaya a rabin hanya. Kai kana ganin ka kulle, alhali bai kai ba. Ka saba da ƙarar da yake yi da nisan tafiyarsa tun ƙarfen yana waje, sannan ka gwada bayan ka ɗaure: dole su zama iri ɗaya. Harshen kunama kuma ya ratsa tsakiyar tagar ƙarfen ƙasa, ba ya gugar gefe, ƙarshensa ba ya taɓa cikin zobe. Idan yana guga, ba zai koma gaba sosai bayan harbi ba, kamun da zai yi wa maharbi, wato tsinken ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, a zagaye na gaba zai zama na bakin-baki, ƙaramin girgiza ya sake shi. Ɗan maɓallin zare sakata da ke gaban harshe ma ka danna shi ka ga yana dawowa da kansa. In ya maƙale a sama, sakata za ta zare ta biyo hannunka lokacin da kake sauri.

Timney da kake tunani, da TriggerTech da makamantansu, gidajensu da sandunan makullinsu ba siffa ɗaya suke da ta kamfani ba, wasu sun fi faɗi. Ƙotar da ta karɓi kunamarka ta yau ba lallai ta karɓi ta gobe ba. In da hali, ka haɗa aikin biyu lokaci guda, ka sassaƙa sau ɗaya. Tunda ma ƙarfen zai fito fili, ka dubi fuskar harshen kunamar da kake da ita. Mai zane-zane a tsaye ita ce tsohuwar ƙirar Mike Walker, injiniyan Remington. Mai santsi ita ce X-Mark Pro, kuma a watan Afrilun 2014 Remington ta yi kiran a mayar da waɗanda aka ƙera daga 1 ga Mayun 2006 zuwa 9 ga Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa wajen haɗawa yana iya sa ta tashi ba a ja ba. Waɗanda aka gyara an buga musu ɗigo a jikin maɓallin zare sakata. Idan taka mai santsi ce, ta wancan lokacin, kuma babu ɗigo, kada ka jira "nan gaba", ka sauya ta yanzu. Tsohon kamfanin ya karye a 2020, don haka sayen sabuwar kunama ya fi sauƙi a kan neman wanda zai gyara.

Hannun sakata shi ma ka dube shi. Idan ka saukar da shi, a jikin ƙarfen uwa ya kamata ya tsaya, ba a kan katako ba. Ka zura takarda a ƙarƙashinsa, ta wuce. Idan katako ya ɗaga shi ko kaɗan, sakata ba ta gama kulluwa ba, kuma wani ɓangare na ƙarfin maharbi zai tafi wajen ƙarasa rufe ta, harsashi ya ƙi tashi a gaban barewa.

Kwarin bututu ba shi da wuya. Naka siriri ne, bakinsa kusan inci 0.65. Masu kauri irin na harbin nesa sun haura 0.8. Siriri a faffaɗan kwari yana aiki lafiya, muni kawai zai yi. Tsofaffin ƙotocin katako na Remington suna da ɗan tudu kusa da ƙarshen kwari wanda ke tokare bututu da gangan. Kada ka yi saurin kankare shi, wasu siraran bututu sun fi saiti da shi. Ka harba tukuna. Abin da ba a so shi ne taɓawa ta gefe ɗaya: ka zura takardar dala a ƙarƙashin bututu ka ja ta baya, idan ta kama a hagu ta sake a dama, can za ka gyara.

Wajen ɗauri na ƙarshe, ka sa noti biyu su kama kaɗan, ka tsayar da bindigar a kan gindinta baki sama, ka ɗan buga ta a ƙasa don matokari ya koma ya jingina da bangonsa. Sannan ka ɗaure na gaba, ka bi da na baya, kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Ka nemi sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri. Katako zalla wanda ba a dasa wa ginshiƙan ƙarfe a ramukan noti ba, inci-fam 30 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya ishe shi, fiye da haka kana murƙushe shi ne. Ƙota mai gadon alminiyam irin ta kamfanin H-S Precision ita ake kai wa 65. Ka lura da kyau, inci-fam na ce. Sifanar mota da ƙafa-fam take awo, ninki goma sha biyu ke nan, za ta tsinke notin. Bayan ka ɗaure, ga gwajin da ke tona asirin zama marar kyau: ka riƙe bututu da ƙarshen ƙota da yatsu a wuri ɗaya, wani ya sassauta notin gaba ya sake ɗaurewa. Idan ka ji bututun na ɗagawa yana sauka a yatsunka, uwa a lanƙwashe take, akwai abin da take hawa. Ka koma kan akwati da gindin matokari, a nan laifin ya fi ɓuya.

Daga nan sai gwajin aiki, da harsasan gwaji marasa albarushi, waɗanda ake sayarwa don haka. Kada ka yi da na gaske a cikin gida ko da wasa. Ka cika gida da huɗu, ka bi da su ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da sauri, ka lura musamman da na ƙarshe, shi ne ke nuna ko faranti na karkacewa. Sannan ka fitar da su, bindiga ba komai, baki na kallon inda ba kowa. Ka ɗana, ka kulle, ka ja kunama da ƙarfi, ka ɗauke yatsa, ka buɗe makulli: kada ta tashi. Ka maimaita sau da yawa. Ka rufe sakata da ƙarfi kamar mai fushi, kada ta tashi. Ka ɗana, makulli a buɗe, ka buga gindinta a kan kafet: kada ta tashi. Idan ta tashi ko sau ɗaya a cikin waɗannan, aikin gida ya ƙare. Ka zare sakata ka kai wa maƙerin bindiga, kada ka taɓa 'yan notin saitin kunama da kanka.

Ga masu karatu daga gida Najeriya, wannan bayani na wanda doka ta ba shi dama ne a inda yake zaune. Dokar makamai ta 1959 ta sa ko bindigar farauta sai da lasisi, gyaran bindiga ma sai wanda hukuma ta ba izini, don haka ba aikin da za a kai wa kafinta a unguwa ba ne. Kai ma a Amurka, idan wata rana ka yi sha'awar ƙota mai naɗewa, ka tuna dokar tarayya ta sa iyakar tsayin bindiga gaba ɗaya a inci 26, bututu kuma 16, wasu jihohin ma suna da ƙarin nasu sharuɗɗan.

Saitin madubin hangen bindigarka na da, ka ɗauka ya tafi. Ko ba ka taɓa madubin ba, sauya abin da uwa ke zaune a kai yana matsar da inda harsashi ke sauka. Ka je filin gwaji, ka fara a yadi 25 don ka tabbatar kana kan takarda, sannan ka koma 100. Bayan harbi goma ko ashirin na farko ka sake auna ɗaurin noti, domin ƙarfe kan ƙara zama a sabon wuri. Katako kuma yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Ƙotar da ka ɗaure a zafi da laimar watan Agusta a gabashin Texas ba lallai ta riƙe wannan ɗaurin a sanyin Nuwamba ba. Duk inda ka kankare, ka shafe shi da man katako ko fenti don kada ruwa ya shiga ta nan, kuma mako guda kafin buɗe kaka ka sake aunawa ka harba uku a yadi 100.